Tukunyar Ahudiya da Kartun ɗin Bushiyoyi

"...ya gwiwar? Ya bayan? Ya bakin, ko shi har yanzu bai gaji ba?"

"Bakin yana nan lafiya, tun safe yake jiranka. Shigo mana, mijin banza, ka tsaya min a ƙofa kamar mai tallan maganin ɓera."

"Jira nake amarya ta taso ta karɓi jakata."

"Amarya ta taso? Da me ka zo mata? Hannu na dukan cinya, sai 'yar hula kamar murfin kofi a tsakar ka. Ba ta tare rana, ba ta tare ruwa. Yadin ne ya ƙare wa telan?"

"Daidai faɗin haƙurinki aka yanka ta."

"To ta yi girma."

Mama Ahudiya ke nan da jikanta Okezie, ɗan 'yarta Uloaku, a barandar gidanta da ke wani ƙauye bayan Umuahia, ranar Alhamis ɗin da ke gaban Ista. Yaron ya zama saurayi, yana jami'a, har da ɗan gemun da bai gama yanke shawarar fitowa ba. Ta kama kumatunsa ta jijjiga, ta ce ya rame, duk da kowa na ganin bai rame ba.

Ga abin da ke cin tsohuwar. Tun ranar da uban yaron, Uwakwe, ya wayi gari ya ce ya gano asalinsa, ya bar coci ya shiga majami'ar Yahudawa a Aba, ya ja mata da 'ya'ya suka bi shi, Okezie bai ƙara sa hannu a tukunyarta ba. Ibada kowa da tasa, wannan ba ta taɓa musu ba. Amma a ce ɗan 'yarki ya zo gidanki ya zauna yana ɓare gyaɗa daga aljihunsa kamar fasinja a tasha? Wai miyarta da jatan lande, wai da dodon koɗi, wai tarwaɗa ba ta da ɓawo, duk addininsu ya haramta. Miyar da ta yaye shi da ita! Matan zumuntar coci har tambayarta suke yi, da muryar tausayin nan da ta fi zagi ciwo, ko yaron guba yake tsoro. Shi kuwa Uwakwe, namiji ke nan, ya sauya wurin ibada ya yi kwanciyarsa, bai taɓa tambayar kansa tukunyar wa ya kife ba.

Bana bikin Ƙetarewa nasu ya faɗo mako ɗaya da Ista, kuma ta ƙudura a ranta yau sai yaron nan ya ci abincinta. Roƙo dai ba za ta yi ba. Ba ta roƙi kakansa ba, ba za ta fara da shi ba.

"Kafin ka zauna," in ji ta, "akwai shari'a tsakanina da kai. Me na aike ka ka saya min?"

"Faifan kartun na Ista, ki nuna wa yaran coci."

"Me ka ba direba ya kawo min?"

"Faifan kartun na Ista."

"Ƙarya kake, da gemunka! Na tara yara a nan barandar, na sa an tayar da janareto, na ce musu ku nutsu, yau za ku ga abin da Ubangiji ya yi mana. Sai ga bushiyoyi. Bushiyoyi, Okezie! Suna buga bulo a bakin kogi, kadoji na tsaye a kansu da bulala."

"Ba ki ji tausayinsu ba?"

"Ina ruwana da bushiya? Can sai tsohuwarsu ta kunna fitila biyu da yamma, ta rufe ido da tafin hannu tana addu'a, sak yadda uwarka take yi yanzu ran Juma'a. Na ce yauwa, yaron nan ya shigo min da ubansa ta cikin talabijin."

"Ai saboda tsohuwar na saya. Gajera, ga ƙaya, ga faɗa, kowa na tsoronta, kowa kuma na cin abincinta. Ina ganinta na ce wannan matata aka zana."

Maganar ta soke ta, shi bai ma sani ba. Kowa na cin abincinta. Ta gyara ɗaurin zani, ta ɗora daga inda ta tsaya.

"Sai suka tashi gudu, ba su jira ƙullu ya tashi ba, suka gasa shi haka nan falan-falan, kowace ta soke nata a ƙayar bayanta. Kogi ya dare musu. Duk wannan labarinku ne, na san shi tun ubanka yana yawo ba wando, a coci aka koya min. To amma gaya min, farin ɗan ragon nan da ke ɗebo musu ruwa, wanda ya tsaya a bakin kogi shi kaɗai ya tare kadoji har kowa ya haye, suka kashe shi, gari na wayewa sai ga shi a ƙetare yana tsalle, wannan na wa ne?"

"Rago ai tun kafin ku yana cikin bikinmu."

"Ku gasawa kuke yi. Namu tashi ya yi."

"To bushiyoyin namu ne."

"Ban musa ba. Ƙaya gare su kamar ubanka."

"Fitilun namu."

"Haske na kowa ne, kar ka yi min rowar Allah."

"Kadojin fa?"

"Waɗannan dangin kakanka ne, da suka zo auna gonata tun ba a rufe shi ba. Har haƙoran iri ɗaya."

Okezie ya kwanta a benci yana dariya har hular ta faɗi. Ya ɗauka ya kaɗe ya mayar.

"Nne," in ji shi, wato Inna da yarensu, "sau nawa kika kalli fim ɗin nan?"

"Sau ɗaya. Shi ma da ido ɗaya."

"Ido ɗayan ne ya ƙirga fitilu?"

"Ɗayan ya fi naka biyu."

"Da aka kashe ragon, kin yi kuka?"

"Yara suka yi. Ni hayaƙin janareto ne ya shige min ido."

"Janareton da ke bayan gida?"

"Iska ta juyo. Kai ne mai iskar?"

Gaskiyar magana, faifan har ya fara tsalle saboda maimaici. Da yara suka watse sai ta riƙa kunna abinta ita kaɗai, tana tsayarwa a duk inda tsohuwar bushiya ta shiga kicin. Ba labarin take bi ba. Girkin take leƙe.

"Tsaya in gaya miki," in ji shi, ya ɗan sassauta murya. "Na bincike shagon nan kaf. Wasu in na kawo miki, ni ba zan iya zama in kalla ba. Wasu in na kawo, ke za ki jefe ni da faifan. Wannan kaɗai na ga za ki yi kuka a wuri ɗaya, ni in yi a wani wurin, amma a benci ɗaya."

"Kai ma kuka ka yi?"

"Da suka haye kogin. Ƙurar shagon ce ta shige min ido."

"Maƙaryaci jikan maƙaryaciya."

Sai ya sa hannu a aljihu, kamar kullum, ya zaro ƙullin gyaɗa. Ledar ba ta gama ƙara ba ta fizge ta, ta cusa a ƙugunta.

"Kai kurege ne? Tashi. Biyo ni."

A kicin ɗinta na bayan gida, kan murhu, akwai tukunya sabuwa fil, ko takardar kamfani ba a gama ɓare mata ba. Sabon ludayi, sabon kwano, sabon cokali. Ta buɗe murfin kamar mai buɗe akwatin aure. Miyar achara ce irin ta garinsu, ganyen ukazi ya lulluɓe ta, manja ya taso, dunƙulen agushi na yawo a ciki, ga busasshen kifin okporoko manya-manya.

"Ba jatan lande," in ji ta, tana kallon bango. "Ba dodon koɗi. Ba tarwaɗa. Ko magi ban saka ba, don ban san abin da ke cikinsa ba. Kifin nan na sa mai kifi ta rantse min yana da ɓawo lokacin da yake raye. Na tambayi uwarka batun tukunya a waya, na ce mata wata ce a zumunta take son sani. A rayuwata ban taɓa dafa miya tsirara haka ba. Ina juyawa ina ba ta haƙuri."

Okezie ya tsaya yana kallon tukunyar.

"Ba ka ga komai ba tukuna. Tsohuwar bushiya ta ce a makon nan duk abin da ya kwana ya yi tsami ba ya zama a gida. To na share. Akpu, tuwon jiƙaƙƙen rogon da na daka jiya da hannuna, na kwashe na ba Nwanyieze ta ƙetaren shinge. Ogiri, daddawarmu, na ɗaure shi a leda na rataye a bishiyar mangwaro, can yake wa tsuntsaye wari. Sannan ga wannan."

Ta yaye wani farin ƙyalle. Gurasa ce falan-falan, ta fulawa, an gasa a kasko, gefe ya ƙone, an tsattsaga mata ramuka da cokali mai yatsu yadda ta gani a kartun. Ta tsaya da hannu a ƙugu, tana jiran yabo amma ta shirya yin kamar ba ta ji ba.

"Nne," ya ce a hankali, "yaushe kika kwaɓa fulawar?"

"Da sassafe. Na rufe ƙullun ya huta, na tafi addu'ar safe, na biya na gaida mai jego, na dawo na share tsakar gida, sannan na gasa. Yisti ko ƙwaya ban saka ba, kar ka kalle ni haka."

Ya sosa ƙeya. Ta san wannan sosar. Da ita ya fara ranar da ya ture mata kwano karo na farko.

"Faɗi," in ji ta.

"Ba yistin ne kaɗai ba. In ruwa ya taɓa fulawa, a take ake gasawa, ba a barin ƙullun ya huta. Shi ya sa bushiyoyin suke ta gudu a kicin. In ya zauna, ya zama abin da ba ma ci a makon nan. Duk kicin ɗin nan, wannan gurasar ce kaɗai ba zan iya ci ba."

Ahudiya ta ja kujerar tsuguno ta zauna. Ta dubi gurasar, ta dubi yatsanta da kasko ya ƙona. Da ya sani, da ya ga inda ta tsayar da faifan ta matso har hancinta na taɓa gilashi don ta ga yawan ramukan. Ta mayar da ƙyallen ta rufe. Ta zaro ƙullin gyaɗar daga ƙugunta ta miƙa masa ba tare da ta ɗago ba.

"Ungo. Miya ba a shanta kamar shayi. Ci abinka."

Bai karɓa ba. Ya tsuguna gabanta.

"Amarya, akpu ɗin nan, a wace tukunya kika dafa?"

"A tukunyar akpu mana. Tun da aka saye ta ba ta san komai ba sai rogo."

"To rogo ba ya cikin shari'ar. Alkama ce da danginta. Akpu ko a daren bikin sai da muka ci a Aba."

Ta ɗago a hankali.

"Sake faɗi."

"Akpu ya halatta. Ogirin ma, ki sauko da shi daga bishiya."

"Chineke! Ya Allah! Tsaya in gane. Rogon da ya yi kwana da kwanaki a ruwa, wanda in an buɗe shi kare ma sai ya sauya hanya, shi ya halatta. Ƙullun da ya ɗan yi gyangyaɗi ina coci, shi ya haramta?"

"Haka ne."

"Wa ya tsara wannan? Ya taɓa shinshina akpu?"

"Kakannin bushiyoyi ba su san rogo ba, Nne."

"Ai shi ya sa suka rame!"

Ta miƙe kamar ba ita ce mai ciwon gwiwa ba, ta nufi shinge tana ƙwala kira.

"Nwanyieze! Ke Nwanyieze! Dawo min da akpu ɗina!"

Maƙwabciyar, matar ƙanin marigayi mijinta ce, ta leƙo da ɗankwali a karkace.

"Wane akpu? Wanda kika ce kin ba ni har ga Allah, kika ce ko warinsa ba kya son ji?"

"Jiya ke nan. Yau na tuba."

"Ai kyauta ta riga ta zauna. Na ma sa ruwan miya."

"Sauke ruwan! Jikana zai ci abinci!"

"Wane jikan? Mai gyaɗa?"

Kafin Ahudiya ta buɗe baki ta faɗi abin da zai sa a kira fasto, Okezie ya riga ya tsallake shingen. A ƙasar nan ɗan 'ya, wanda suke kira nwadiala, in ya shigo dangin uwarsa duk abin da hannunsa ya kai nasa ne, kaza ce ko ayaba, ba mai ce masa don me. Ya gaida Nwanyieze da ladabi har da sunkuyawa, ya wuce kicin ɗinta kai tsaye, ya fito rungume da kwandon akpu, ya ƙara da gwanda ɗaya da ya gani a bakin taga.

"Gwandar ba ta cikin maganar!" in ji Nwanyieze.

"Ladan ajiya ne, Mama. Ke za ki biya, tunda kin ajiye da kyau."

"Ɓarawo! Ahudiya, wannan ko ya shiga addini goma jininku ne!"

Ta tsaya a shingen, ba ta koma ba. Ahudiya ta lura, kuma ta ji daɗi. Gara ta gani da idonta, gobe ta kai wa matan zumunta da zafinsa. Don haka ba a kicin ta zuba ba. A baranda ta ajiye sabon kwanon, inda duk mai wucewa zai gani. Ta sa sanda ta sauko da ogiri, ta ɗan jefa a tukunya ta juya, tana cewa, "Yi haƙuri, ga ɗan zani ki rufa."

Okezie ya wanke hannu, ya yi addu'arsa ƙasa-ƙasa da yaren da ba ta ji. Ita ma ta rufe ido ta yi tata da ƙarfi, don kada a ce nasu ne kaɗai ya isa sama. Suka ce amin kusan tare. Ya gutsuro akpu, ya mulmula, ya dangwala, ya kai baki. Idonta na kan maƙogwaronsa. Sai da ta ga lomar ta wuce sannan ta saki numfashi.

"Yaya?"

"Miyar nan kamar an yi mata sata."

"An yi mata. Ubanka ne ɓarawon."

"Gishiri ya ɗan yi yawa."

"Hawayen jatan lande ne da na kora."

"Kifin ya yi tauri."

"Aje min kwanona!"

"Bari in gama bincike tukuna."

Ya yi loma ta biyu, ta uku, ya daina magana. Ya sunkuyar da kai yana ci irin cin da yake yi yana ƙarami, gwiwar hannu ta tare kwano kamar za a ƙwace. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Nne, na yi kewar miyar nan. A Aba Mama tana yi, amma ba ta kai ba. Kar ki gaya mata."

"Yau zan gaya mata."

Ta juya baya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara, ta share fuska da gefen zani. Da ta juyo, ya miƙo kwanon fayau.

"Ƙari."

"Ka ce an yi mata sata."

"Shi ya sa nake so in ga abin da ɓarawon ya bari."

Ta ƙara masa, ta tsamo masa babban kan kifin da ta ɓoye a ƙasa. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar kula, ita ma da takardarta, ta zauna tana juye sauran miyar a ciki, a hankali, har tana kankare gindin tukunya.

"Wannan ta wa ce?"

"Ta uwarka. Kar ka buɗe a mota, na san halinka."

"Ai ta yi wa Mama yawa."

"Da ƙannenka."

"Har yanzu ta yi yawa, Nne. Kin saka kan kifi biyu."

Ta danna murfin, ta ɗaure kular da ɗankwali, ta ƙulla tam.

"In wancan mutumin ya tambaya, ka ce masa tukunyar sabuwa ce."

"Wane mutumin?"

"Kar ka sa in kira sunansa a makon Ista."

"In ya ce ta yi daɗi fa?"

"Ka ce masa ya zo ya faɗa da bakinsa. Kuma ya taho da kujerarsa, ni ba zan saya masa sabuwa ba."

Okezie ya ƙware da dariya har sai da ta buga masa baya. Ita ma ta kasa riƙewa, ta fashe, tana dukansa tana cewa, "Ci a hankali, mijin banza, ba mai korarka."